Sannu da Riƙon Amana, Alhaji Ejan

A ƙasar Funtua da Malumfashi an daɗe ana yabon manoman auduga, ana yabon dillalan hatsi na Dandume, ana yabon masu tumatir na Danja. Mutum ɗaya aka bari ba a yi masa kirari ba, alhali ya fi kowa girbi kuma bai taɓa riƙe fartanya ba: ejan mai kai malaman Turanci ƙasashen waje. Ranka ya daɗe, Alhaji, yau ranarka ce, gyara zama.

Abin da ya fara burge ni da kai shi ne sanin lokaci. Ba ka zuwa da bazara, sa'ad da magidanci ke yawon neman bashin taki. Ba ka zuwa da marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Haƙuri kake yi sai kaka ta yi, an ɓare masara, an casa waken suya, manyan motoci sun yi layi suna lodi zuwa kudu. A lokacin ne ƙofofin makarantun Sin da Koriya da Turkiyya da Dubai ke buɗe maka, duk a mako guda, gurbi biyu kacal ya rage, kuma ranar Juma'a za a rufe. Ko malaman gona na Samaru ba su kai ka sanin kalandar noma ba.

Ka kuma san ƙofar da za ka yi wa sallama. Ga yaro ya gama NCE a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, ko ya yi digirin Turanci a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bautar ƙasa ya dawo gida. Yana koyarwa a makarantar kuɗi kan albashin da ko hanyar naira 70,000 da aka yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi bai kama ba. Ya taɓa shiga N-Power, naira 30,000 ta zo yau ta maƙale gobe, har zangonsu ya ƙare. Gwamnatin Katsina ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023, ya duba sunansa bai gani ba. Gonar gadon da zai koma tana can wajen Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, inda mutum ke fita gona iyalinsa na addu'ar ya dawo. Yarinyar da yake so iyayenta sun fara cewa ya fito ko ya ba wani wuri. Kowa ya wuce wannan yaro, kai kaɗai ka tsaya, ka kira shi Malam, ka ce Turancinsa ya fi ƙarfin ƙasar nan. Ka ɗauki biro ka rubuta masa albashi da dala, ka juya masa shi zuwa naira a gaban idonsa. Tun da aka haife shi wa ya taɓa yi masa irin wannan karamci?

Iliminka kuwa sai a sara maka. Koriya ta Kudu tana da bizar da take ba masu koyar da Turanci, ana ce mata E-2, kuma ƙa'idarta ita ce mutum ya fito daga Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostareliya, New Zealand ko Afirka ta Kudu. Ƙasashe 7 ke nan, babu Najeriya a ciki. Hukumomin Seoul suna can suna zaton sun san dokarsu, ba su san akwai wani a saman bene kusa da tasha a Funtua da ya fi su saninta ba. Ƙasar Sin ta murƙushe kasuwar darasin kuɗi na bayan makaranta a watan Yulin 2021, manyan kamfanoni suka sallami ma'aikata dubbai, Turawan da suka daɗe a can suka tattara nasu ya nasu. Kai guraben da ke hannunka har yau ba su ƙare ba. Bizar aiki a Sin ita ce Z, wanda aka kama yana koyarwa da bizar yawon buɗe ido ana tsare shi, a ci shi tara, a koro shi. Kai ka ce wa Malam ya tafi da ta yawon buɗe idon, in ya sauka mutuminka zai juya masa ita. Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya hanyar neman shaidar koyarwa a Fabrairun 2023, ga masu lissafi da kimiyya da harsuna irin Faransanci, kuma mutum da kansa yake nema a shafin gwamnatinsu, shaidar ma ba aiki ba ce, ba biza ba ce. Kai ka ga bai kamata a bar ɗan Malumfashi a baya ba, ka ƙirƙiro masa gurbin zuwa ya koya wa 'ya'yan Ingilishi Ingilishi.

Na fi jin daɗin yadda kake shiga zaure. Ka cire takalmi tun daga waje, ka durƙusa ka gaida tsoho, ka ƙi hawa kujera ka zauna a gefen tabarma. Ka tambayi lafiyar Hajiya, ka tuna masa cewa kakarka da tasa 'yan ɗaki ɗaya ne. Sannan ka miƙa wayarka a nuna masa takardar ɗaukar aiki: ga tambarin makaranta, ga jan hatimi, ga sa hannun shugaba. Tsoho ba ya karanta boko, sai ya miƙa wa ɗansa. Malam ya karanta, ya ga kurakuran rubutu irin waɗanda yake zare wa 'yan aji uku maki a kansu, ya ga adireshin makarantar na Gmail ne, ya ɗago kai yana son magana. Kai kuwa ko gezau, ka yi murmushi ka ce, "To Malam, ai shi ya sa suke neman malamin Turanci." Aka yi dariya, tsoho ya ce Allah ya yi albarka. Wannan basira ba a koyar da ita a jami'a.

Daga nan sai lissafi, kuma ba ka taɓa ɗora wa mutum kaya a lokaci ɗaya. Kuɗin fom tukuna, ɗan kaɗan ne, buhu biyu ya isa. Sai na fasfo, sai gwajin asibiti, sai fassarar takardu, sai kafin alƙalami na biza, sai ɗan abin da za a ba Oga na Abuja don fayil ya motsa. Kowane biya yana jawo na gaba, don wanda ya zuba buhu goma ba zai yarda su tafi a banza saboda buhu biyar ba. Masara ta ƙare, a kai shanun huɗa kasuwa. Shanu sun tafi, uwa ta kwance 'yan kunnenta na zinariya, ƙanwa ta ba da kuɗin adashinta. Daga ƙarshe a kira mai unguwa a ba da jinginar gonar fadama. Ranar da tsoho ya yi ƙarfin hali ya ce ko za a rubuta wani abu, sai ka dafe ƙirji ka ce, "Haba Baba, tsakanina da ku har sai an yi rubutu?" Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Kai ka ga taka amanar ba ta buƙatar wannan, tsoho kuma ya ji kunya ya ba ka haƙuri.

Tausayinka ga mabuƙata ma abin a faɗa ne. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2023, ta ce kamfanin samar da aiki ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki, wanda ke neman ma'aikaci shi ke biyan la'ada. Kai ka duba ka ga makarantun Dubai da Shanghai suna cikin wani hali, ka ɗauke musu nauyin ka ɗora wa manomin Bakori. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce mai ɗibar ma'aikata sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kai ba ka son wahalar da ma'aikatan gwamnati, shi ya sa ba ka je ba. Gwamnati tana da nata shirin tun 1987, wanda ake kira TAC, tana tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karibiyan, ita ke ɗaukar nauyinsu. Ba ka taɓa ambata wa Malam shi ba, don ka san babu abin da zai shigo aljihunka, kuma kai mutum ne mai gudun aikin banza.

Sai riƙon sirri. "Kada ka gaya wa kowa, Malam, ka san bakin mutane." Da wannan kalma ɗaya ka tsare shi daga maƙiya, ka kuma tsare shi daga tsohon malaminsa na Zariya da zai ce a kira ofishin jakadanci a tambaya, da ɗan'uwansa na hukumar shige da fice, da hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP da aka kafa tun 2003 don irinka. Fasfonsa ma ka karɓa ka ajiye masa kada ya ɓata. An ba kura ajiyar nama, ta kuma karɓa da bismilla.

Kada a zalunce ka, wasu kana kai su. Waɗannan su ne nake kwana ina tunani, kuma a nan bakina ya kasa ci gaba da kirari. A watan Janairun 2020 wata matashiya 'yar Najeriya ta fito a bidiyo daga Lebanon tana kuka tana roƙon a cece ta. An ce mata Turanci za ta je koyarwa, ta sauka aka karɓe fasfonta aka sa ta bautar gida. Sai da hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa, ta shiga maganar kafin ta dawo. Watanni uku bayan haka aka saka hoton fasfon wata 'yar Najeriya a Facebook a can Lebanon ɗin, ana tallar ta kan dala 1,000. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya da aka tsare a gidajen damfara ta intanet. Da tallar aiki mai kyau aka jawo akasarinsu, akwai 'yan Afirka a cikinsu, kuma masu ilimi ake nema, masu jin harsuna. Ana zaunar da mutum gaban kwamfuta dare da rana ya yaudari baƙin da bai sani ba, in bai kawo abin da aka yanka masa ba a doke shi, ko a sayar da shi ga wani gidan. Yaron da uwarsa ta sayar da ƙosai ta biya masa kuɗin jarrabawa, wanda ya koya wa 'ya'yanmu haɗa baƙi a aji mai rufin da ke yoyo, ƙarshen Turancinsa ke nan. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ina so ya ci ran duk wanda ya karanta.

Mafi yawa dai ba sa zuwa ko'ina, kuma a nan imaninka ke bayyana. Wata uku, wata shida, biza tana hanya. Sai wayarka ta fara shiga ba a ɗauka, sai ta daina shiga, sai a je saman bene a tarar mai sayar da kayan waya ya kama shagon. In aka yi sa'a aka ritsa ka a wurin ɗaurin aure, ba ka gudu, ba ka ɗaga murya. Ka sunkuyar da kai ka ce kai ma cutar ka aka yi, Oga na Abuja ne ya gudu, kuma komai nufin Allah ne, rabon Malam bai tsaga ba. Kana da wa'azin ƙaddara a baki wanda ba ka taɓa yi wa kanka shi a ranar karɓar kuɗi ba.

Mu ma a ba mu namu yabon, don ba kai kaɗai ka gina wannan sana'a ba. Mu ne ke taruwa a zaure mu ce ɗan'uwa ne, kada a kai shi gaban hukuma, zumunci ya fi kuɗi. Mu ne ke yin sulhu ka kawo kashi ɗaya cikin goma, saura in Allah ya hore, a shafa fatiha a tashi. Mu ne ke ce wa Malam ya yi shiru kada a yi masa dariya a majalisa, har ya riƙa bin lungu don kada ya haɗu da waɗanda ya yi wa sallama. Saboda shirun nan namu, gidan da ke bayan nasu bai san abin da ya faru ba, kuma can za ka yi sallama kaka mai zuwa. Tsoho zai yi damina biyu ko uku yana ƙwadago a gonar da ta kasance tasa, yana huɗa da hayar shanun wani, kai kana sahun gaba ranar Juma'a, ka sake mota.

Na ji an ce bana ka bar Koriya ka koma Kanada, kuma ba malamai kaɗai ba, har masu aikin jinya kake ɗiba, kuɗin fom ma ya ƙaru saboda tsadar dala. Masara ta fara bushewa a Kafur, Alhaji. Idan ka shigo zaurenmu, ka taho da lasisinka na Ma'aikatar Ƙwadago, da lambar ofishin jakadancin ƙasar, da sunan malami ɗaya tak da ka kai wanda za mu kira mu ji muryarsa daga cikin aji. Mai amana irinka ba zai rasa ɗaya ba.