Kundin Sihiri Dubu, Babu Ɗaya

A shekarar 2005, sa'ad da nake ɗalibta a jihar Wiskonsin ta Amurka, inda sanyin hunturu kan hana bawan Allah leƙa ƙofa sai bisa lalura, abokan karatuna suka ja ni cikin wani wasa da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a 1974, hasali ma daga garin Lake Geneva na wannan jiha aka fara buga shi. Wasan kuwa tatsuniya ce ake yi da baki a gefen tebur, kowa da jarumin da yake magana da yawunsa, ga alƙali guda mai jan zaren labari, ga ƙwayoyi irin na ludo, babbarsu mai fuska 20, waɗanda idan an jefa su suke yanke hukuncin nasara ko halaka. Ni boka na zaɓa, ina kuma shaida wa mai karatu cewa bokancin bai wuce takarda da fensir ba.

To, ƙa'idar wasan a wancan lokaci ita ce boka yakan haddace surkullensa da safe, da zarar ya furta ɗaya sai ya goge daga ƙirjinsa har wayewar gari. Kuma tun da kamfanin Wizards of the Coast, mai buga littattafan wasan, ba ya gajiya da talifi, sai surkullen nan suka warwatsu cikin littattafai barkatai da mujallar Dragon, har ya zama duk daren Juma'a ni ne jakin jama'a, ina tafe cikin ƙanƙara da mujalladai shida a baya. Saboda haka ranar da labari ya zo cewa za a tattara su cikin kundi ɗaya mai suna Spell Compendium, sihiri fiye da 1,000, sai muka shiga mujadala kamar malamai sun sami sabuwar mas'ala. Alƙalinmu, wani ɗalibin lauya mai ƙaunar nassi, yana fatan a rage ƙarfin waɗanda suka fi ƙarfin hankali. Abokiyar wasanmu, mai karatun jinya, tana addu'ar kada a taɓa su. Wani yana son fihirisa kyakkyawa. Ni kuwa, da yake kalmar kundi a kunnen Bahaushe tana nufin abin da malam ya tara bai bar kome ba, sai na yanke fatawa cewa daga ranar fitowarsa na rabu da dako.

Da watan Disamba ya kama, aljihu kuma ya ƙi ba da haɗin kai, sai na kwashi mujalladan nan shida, har da uwarsu, Player's Handbook, na kai wa mai sayen tsofaffin littattafai, na karɓi abin da ya sawwaƙa, na sayo kundina na rungumo shi kamar ango. Muƙaddima ban karanta ba, domin a ganina wannan aikin masu shakka ne.

Daren Juma'a na iso hannu na lilo, na aza shi tsakiyar tebur, na yi huɗuba a kan falalarsa. Ba a jima ba labari ya kai mu wani kogo, inda muka yi kiciɓis da dodon da ake kira turol, wanda ko an sassara shi namansa kan sake tohowa, sai fa an sa masa wuta ko ruwan asid. Jarumar abokiyarmu, wadda ta yi shekara biyu tana renonta, ta tare shi da takobi, ni kuma na gyara zama na ce zan jefa Dunƙulen Wuta, sihirin da mahaɗinsa kashin jemage ne da farar wuta, wanda kowane yaron boka ya sani.

Alƙali ya ce, "Malam, karanto mana nassi."

Na buɗe, na bi harafi, babu. Na koma fihirisa, babu. Na lashi yatsa na bi shafi shafi, gumi na keto mini alhali ƙanƙara na zuba a waje, sai can ta bayyana gare ni cewa kundin ya tara na ƙananan littattafai da mujallu ne kurum, na uwar littafi kuwa an bar su inda suke, watau a kantar mutumin da na sayar wa. Sauran jama'a kuma, da yake sun saba jaki na zuwa da kaya, babu wanda ya zo da nasa. Akwai sihirin wuta iri iri a kundin, amma bokana bai haddace ko ɗaya da safe ba.

Na ce ai na haddace shi, wutar ƙafa 10 take ci ta kowace fuska. Alƙali ya ce 20 ne, kuma idan babu nassi, ƙaulin alƙali ne hujja. Daga baya na tabbatar shi ne mai gaskiya, abin da ya fi kome ciwo ke nan. Tun da na riga na furta, aka ce in jefa ƙwayoyi, su kuma da ba su taɓa yi mini alheri ba, ran nan suka zubo da shida shida. Dodo ya yi sa'ar kaucewa, ya tsira da rabin ƙuna. Jarumar baiwar Allah nan kuwa, da ma ta sha rauni, ta zama toka. Abokiyarmu ta dube ni, ta dubi kundin, ta ce, "Dubu, ko?" Nan na gane abin da magabata ke nufi da suka ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ko ya yi dubu ba ya fita.

Washegari na koma wurin mai tsofaffin littattafai, na fanshi uwar littafina da ninkin abin da ya ba ni, yana ta yaba mini kyawun adanin mai shi na farko. Kafin 2006 ta ƙare an sake buga wasu littattafan da sababbin surkulle, kayana suka koma yadda suke har da ƙarin kundi a sama. A 2008 kuma bugu na huɗu na wasan ya zo ya shafe hukuncin na gabaninsa gaba ɗaya. Kundin yana nan wurina har yau, kuma na karanta muƙaddimarsa sau uku.