Jinjina Ga Waɗanda Suka Hutar Da Ƙafafunmu

Yaba kyauta tukwici. Shekara da shekaru ana zuba mana alheri a sababbin unguwannin da ke kewaye da birnin Kano, a Kumbotso da Ungogo da gefen Gezawa da Dawakin Kudu, amma har yau ba wanda ya tashi ya ce wa masu alherin sannu da aiki. Bari in sauke mana wannan nauyi. Jinjina ga dillalan filaye, da masu awon igiya, da masu gina rukunin gidaje, da duk wanda ya taɓa buga hatimi a kan taswirar unguwa ba tare da ya wahalar da kansa zuwa ganin wurin ba. Su ne suka haɗa ƙarfi suka warkar da Bakano daga tsohuwar cutar da ya gada kaka da kakanni, wato tafiya a ƙasa.

Sai ka tuna duhun da muka fito daga ciki za ka san girman wannan ni'ima. Tun da Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa a ƙarni na 12, har Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, mutanen nan ba su san yadda ake tsara gari ba. Sun sa masallaci a bakin lungu, makarantar allo a soro, mai ƙosai a kan kwana, kasuwa kuma ga ta nan kusa. Lungun ma sun matse shi har katangu na yi wa mai wucewa inuwa. Abin kunya, yaro ɗan shekara biyar a aike shi sayen daddawa shi kaɗai, ya je ya dawo lafiya. Tsoho mai dogara sanda ya samu jam'i sau biyar a rana ba tare da ya roƙi kowa ya kai shi ba. Magidanci ya fito daga gida, kafin ya kai bakin titi ya gaisa da mutum ashirin, ya ji wanda aka yi wa haihuwa, ya ji wanda ke kwance, ya ji wanda ya kwana bai ɗora tukunya ba. Wannan ɓata lokaci har ina?

Allah Ya kawo mana dillali. Gwanin ya shiga gonar gero a bayan gari da igiya da turaku, ya yi mata abin da mahauci ke yi wa ragon layya: ko kofato ba a zubarwa. Nan fuloti, nan rabin fuloti, nan kwata. Abin da ya rage bayan an gama yanka shi ake kira hanya, don ai ba a karɓar la'ada a kan hanya. Wanda ya saya a dama ya ci ƙafa biyu, na hagu ya ga ba zai zama wawa ba ya ci uku, sai ga layi ya tsuke daidai yadda ba zai ɗauki mota da mutum a lokaci guda ba. Da yake mota ta fi mutum tsada, kowa ya san wanda zai kauce.

Hangen nesan bai tsaya nan ba. Filin da aka ce na makaranta ne ya yi shekara biyu yana zaman banza, sai aka taimaka masa ya zama shaguna. Filin ƙwallon yara ya zama gidan mai. Burtalin da shanu ke bi tun zamanin kakanni ya samu get mai fenti. Tsamiya da ɗorawa da suka shekara ɗari suna tara zauna-gari-banza a ƙarƙashinsu an sa musu gatari, domin inuwa ita ke koya wa mutum lalaci. Yanzu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba mai tsayawa hira a hanya. Kududdufan da magabata suka haƙa don ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan sama in damina ta kankama, an cike su da shara an sayar. In Agusta ta zo ruwan ya dawo neman gidansa bai samu ba, sai ya sauka a layi, daga layi ya wuce tsakar ɗaki. Wane gari ne ke kai wa talaka ruwa har gindin gado kyauta?

Masu gidajen ma sun cancanci tasu lambar yabo. Da can mutum kan gina dakali a ƙofar gida don baƙo ya zauna, ya yi zaure don a yi sallama a shiga. An wuce wannan ƙauyanci. Yanzu katanga ce ta fi ƙarfin tsani, bisanta waya mai ƙaya, sai gangaren siminti da aka zubo daga bakin get har tsakiyar layi don kada motar Alhaji ta ji ciwo. Maƙwabcinsa ya yi nasa gangaren ya ɗara wannan tudu. Na gaba ya haƙa ramin ban-ɗaki a waje, ya rufe da murfin da ke rawa in an taka. Wani ya sauke tifar yashi da bulo a kan hanya tun bara, yana jiran kuɗi su zo. Mai tafiya a ƙasa yana hawa yana sauka, yana tsallaka lambatu, yana raɓa bango. Da kuɗi ake biyan irin wannan motsa jiki a wasu ƙasashe.

Sarakunan abin kuwa su ne masu rukunin gidaje. Gida ɗari biyu a cikin katanga guda, ƙofa ɗaya tal, da mai gadi mai littafi. Ƙanwarka na aure a bayan katangar, in ta yi tari kana ji, amma kafin ka je ka ce mata sannu sai ka fita ta babbar ƙofa, ka hau titi, ka zagayo ta bayan gidan mai. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, su kuwa waɗannan sun gano cewa a waya ta fi sauƙi: a tura hoton jariri, a tura addu'a, a kashe data. A ciki ba a yarda da mai shayi ba, ba a yarda da mai kayan miya ba, don kada su ɓata tsari. In ashana ta ƙare wa uwargida sai a tayar da mota. Hatta manyan rukunan da gwamnati ta gina tsakanin 2011 da 2015, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, sun nuna mana wani sabon ilimi: ana iya shimfiɗa titi mai kyau da fitilu, gidaje da yawa su yi shekaru a kulle, alhali a cikin gari mutum goma na kwana a ɗaki ɗaya. Unguwar da ba kowa ai ba ta da matsalar masu tafiya a ƙasa.

Ka fito babban titi ka ga aiki. Gadar sama a Ƙofar Nassarawa, ga Dangi, ga Hotoro, ga ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya. Mota na tafiya ba ta taka birki, baƙo na ɗaukar hoto. A ƙasan wannan ci gaba kuwa ga wata baiwar Allah da goyo a baya da ledar cefane a hannu, tana tsaye a bakin kwalta tana ƙirga motoci. Ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye. Da ta ga 'yar kafa sai ta kwasa da gudu, ta isa shingen kankare na tsakiyar titi, ta ɗora ledar a kai, ta tattare hijabi, ta ɗaga ƙafa ta haura, ɗan bayanta na lilo, tumatir biyu suka gangara ƙarƙashin taya. Saura rabin titi. An gina mata gadar masu ƙafa fa, ba a manta da ita ba, tana can gaba da nisa, da matakalar da sai mai ƙarfin gwiwa. Inda aka yi kuskure aka bar gefen titi don masu tafiya, nan da nan ake gyara kuskuren: mai shago ya fito da kayansa, mai mota ya faka, mai allon talla ya kafa ƙarfe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kusan ɗaya cikin biyar masu tafiya ne a ƙasa, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka, wadda ta fi kowa ƙarancin motoci, ita ta fi kowa yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. A wannan fage dai ba a bar mu a baya ba, kuma masu tsara mana unguwanni sun ba da tasu gudummawar.

Kada a manta da amfanin da tattalin arziki ya samu. An hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, aka bar mu da adaidaita sahu. Ran 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A daidai wannan lokaci ne ma'aikaci mai ƙaramin albashi, wanda tsadar haya ta kora zuwa bayan gari, ya gano cewa makarantar 'ya'yansa da asibiti da kasuwa duk sai an hau abin hawa. Ɗan sahu ya leƙa layin ya ga taɓo ya ce, "Alhaji, ba na shiga ciki, sai dai shata." Kuɗi na zagayawa ke nan. Masu kyamis ma suna godiya, domin likitoci na cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mu kuwa mun gina unguwannin da suka raba shi da wannan wahala, hawan jini da ciwon suga suka samu masauki. Mai hali ya hau mota ya je wurin motsa jiki, ya biya kuɗi ya yi tafiya a kan na'ura yana kallon bango.

Yara su suka fi cin moriya. Kalli yarinyar nan 'yar shekara bakwai da la'asar, da jakar islamiyya a wuya, tana bin ɗan siririn tudun da ke tsakanin katanga da buɗaɗɗen lambatu. Tifa ta taho, yarinyar ta manna bayanta da bango, ta runtse ido, ƙura ta rufe ta, tifar ta wuce, ta karkaɗe hijabi ta ci gaba. Tun tana ƙarama an koya mata tawakkali. Kakanta kuwa an hutar da shi gaba ɗaya: tun da aka dawo sabon gida sallarsa ta koma ɗaki, don tsakaninsa da masallaci akwai titin da ba ya tsallakuwa da sanda. Ranar da ya cika ma ba za a wahalar da kafaɗun jama'a ba, domin maƙabarta ta yi nisa, sai a mota.

Gatse ya isa haka, domin yarinyar nan da kakanta ba abin wasa ba ne. Mafi yawan mutanen Kano ba su da mota, kuma wanda ke da ita ma a ƙafa yake shiga masallaci. Unguwar da aka yanka ba hanya ba za ta gyaru da sauƙi ba, don in bulo ya hau sai rusau, rusau kuwa kuka ne da asara. Addininmu bai bar wannan a buɗe ba: hadisi ya ƙayyade faɗin hanya zira'i bakwai in an yi saɓani a kanta, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Dokar ƙasa ma haka: dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana don amfanin jama'a, kuma akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA da aka kafa don wannan aiki. Ba doka muka rasa ba.

Abin da ake nema ba ya buƙatar bashin ƙasar waje. Kafin a sayar da fuloti ko ɗaya a sabuwar unguwa, a fara kafa turakun hanya da gefen masu tafiya da magudanar ruwa, a ware makaranta da maƙabarta da 'yar kasuwa da filin yara, a rubuta su da sunan jama'a yadda ba mai iya yanka su gobe. Mai unguwa da dagaci, waɗanda ake kira shaida a cinikin fili, su ƙi sa hannu a takardar da ta ci hanya. A rufe lambatu, a dasa darbejiya a bakin layi, a sa tudun rage gudu da wurin tsallakawa a gaban kowace makaranta, a buɗe ƙananan ƙofofin masu ƙafa a katangun rukunin gidaje.

Kai kuma mai shirin sayen fili, akwai abin da ke hannunka. Kada ka tsaya a tambayar takarda da farashi. Ka ajiye abin hawanka, ka riƙo hannun ɗanka, ka taho da mahaifinka, ku taka daga bakin fulotin zuwa masallaci da makaranta da kyamis mafi kusa, sau ɗaya da tsakar rana a bazara, sau ɗaya bayan an ɗauke ruwa a Agusta. In ba su iya ba, ka mayar da kuɗinka aljihu, ka kuma gaya wa dillalin dalili. Ranar da masu saye goma suka yi masa haka a jere, da kansa zai fara auna hanya kafin ya auna fuloti.