Kabawa, Ku Bar Yaran Su Auna Iska

Kabawa, ku matso kusa, Bakatsine ne ke magana, kuma kun san tsakaninmu ba a fushi. An ce idan ɗaliban lantarki na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko na jami'ar Aliero, suka bar ɗakin gwaje-gwaje suka fito bakin titi da kwamfuta a cinya da waya a hannu, sai ku taru a gindin darbejiya ku yi ta kallonsu. "Wanga yaro mi shika biɗa cikin iska? Uba nai ya sai da shinkafa ya kai shi makaranta, shi ko ya koma farautar aljannu."

Alhaji, a hankali dai. Ba kai ne jiya ka fita tsakar gida ka ɗaga waya sama, ka juya gabas ka juya yamma, kana neman sanda ɗaya ta sabis don kuɗin buhunanka su shigo ba? Aikinku ɗaya da yaron. Shi yana rubuta abin da ya gani, za a ba shi takardar shaida. Kai kuwa ciwon kafaɗa za ka samu.

Ga abin da yake yi. Yakan fara daga gindin ƙarfen sabis, ya yi ta nisanta a hankali, yana tsayawa yana rubuta ƙarfin saƙon da ke isowa wayarsa. Awon sunansa dBm. Idan ya ga -70, magana tangaran. Idan ta gangara wajen -110, lokacin "halo, halo, ba na jin ka" ya yi. Ya bi hanyar Ambursa, ya shiga lungunan Argungu masu katangar laka da rufin kwano, ya gangara fadama. Sannan ya koma ya gwada lambobinsa da lissafin da ke cikin littafi.

Na san abin da za ku ce: "Turawa ba su riga sun gama wanga lissahi ba?" Ko Turawan ba su ne suka fara ba. Lissafin da ya fi shahara wajen hasashen nisan da saƙo zai kai, wani Bajafane mai suna Okumura ne ya tattara awonsa a Tokyo da kewayenta, aka buga a 1968, ɗan ƙasarsu Hata ya mayar da shi ƙa'idar lissafi a 1980. Tokyo fa! Ku nuna mini inda Tokyo ta yi kama da Gulma. Tela ne ya auna mutumin Japan ya ɗinka wa Bakabe babbar riga, ga shi kuna ta ƙorafi ta matse ku a wuya, amma wanda ya zo da tef zai auna ku, shi kuka mayar mahaukaci. Ƙa'idar Hata ma an yi ta ne don zangon megahaz 150 zuwa 1500, sai daga baya aka miƙa ta zuwa 2000. Ita kuwa 5G da MTN da Mafab suka ci gwanjonta a kan dala miliyan 273.6 kowannensu a Disamban 2021, a kan megahaz 3500 take. Tsawon igiyar saƙo a zangon 900, wanda aka soma GSM da shi a ƙasar nan a 2001, kusan santimita 33 ne. Na 3500 bai kai santimita 9 ba, kuma katanga ta fi saurin cinye shi. Wane ne zai gaya mana yadda katangar laka mai kauri ke yi masa in ba wanda ya tsaya a bayanta ya auna ba?

Akwai kuma malaman hazo. Da hunturu ya shigo, waya ta yi gardama, sai ku yanke hukunci: ƙura ce. Yaron zai ba ku kunya a nan. A zangon da wayar hannu ke aiki, ƙura ba ta rage wani abin kirki. Inda yanayi ke da ta cewa shi ne waɗancan fararen ganguna da ke maƙale a jikin ƙarfen sabis, masu aika saƙo daga ƙarfe zuwa ƙarfe a zango mai bisa sosai, kuma su ruwan sama mai ƙarfi ya fi hazo damunsu. Kwarin Rima ma yana da nasa halin. Idan fadama ta cika ta zama shimfiɗar ruwa, saƙo kan bugi fuskar ruwan ya taso, ya iso bayan ɗan'uwansa da ya miƙe kai tsaye, wani lokaci su kashe juna. Sau da yawa kuma ba wannan ba wancan, man janareta ne ya ƙare, ko mai haƙar kwalbati ya datse wayar ƙarƙashin ƙasa. Ranar kamun kifi a Matan Fada kuwa, bikin da kuke cika mana baki da shi tun 1934, laifin ku ne da kanku: dubban mutane a wuri ɗaya, kowa sai ya tura hoton giwan ruwa a minti guda.

Inda kuke da gaskiya, zan ba ku, ko da yake ba wa Bakabe gaskiya ba ƙaramin aiki ba ne. Da yawan kundayen binciken ɗaliban nan a kabad suke ƙarewa. Na'urar tantance zango tana da tsada, yaro kan lallaɓa da manhajar waya, wuta kuma ta ɗauke ana tsakiyar gwaji. Wasu ma kwafe aikin na bara suke yi su sauya sunan gari, har ka ga Jega ta yi dogayen benaye a takarda. Waɗannan ku yi musu dariya, ni ma zan taya ku. Amma maganin kundin da ke kabad shi ne a fito da shi a karanta, kamfanonin waya da hukumar NCC su san akwai shi.

Mu a Katsina mun ɗanɗana rashin sabis lokacin da aka rufe layuka a wasu ƙananan hukumomi a 2021 saboda matsalar tsaro, don haka ba ma wasa da mai auna shi. Ku ma kuna da naku dalilin. Kun tuna ambaliyar 2020 da ta kwanta a kan shinkafarku. Akwai ƙananan rediyo irin su LoRa da ke aika ɗan gajeren saƙo tsawon kilomitoci da ƙaramin batir. Ɗalibin da ya san yadda saƙo ke tafiya a kwarin zai iya kafa ma'aunin ruwa a bakin gulbi wajen Augie, ya jera masu karɓa, ta yadda in an saki ruwa daga madatsar Goronyo ya fara hauhawa, labari ya riga shi isa gonarka. Kayan haɗin ba su fi ƙarfin aikin ɗalibi ba. Abin da Okumura da Hata ba su lissafa ba shi ne wanda zai hana a kwance batirin da faifan sola cikin dare. Wannan kam sai ku zauna da Sarkin Ruwa ku tattauna, tunda ku kuka san halin 'ya'yanku.