Kallon Tsuntsaye a Bakin Dam ɗin Daɗin Kowa

Jihar Gombe ba ta da teku. Gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kilomita kusan 850, can kudu take, kuma mutumin Jekadafari da ya ce zai bar ofis ranar Juma'a ya je Legas shan iskar teku ya dawo aiki Litinin, sai dai ya leƙa ruwan ya juyo, don tafiyar ta haura kilomita 1,000. Saboda haka mutanen Gombe masu marmarin ganin ruwan da ido ba ya kaiwa ƙarshensa hanyar Biu suke kamawa, su wuce Liji da Kwadon, kafin kilomita 40 sun isa Daɗin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba.

Gwamnatin tarayya ce ta kammala dam ɗin a 1984, lokacin Gombe tana cikin jihar Bauchi, shekara 12 kafin a yanke mata jiharta a 1996. Kogin Gongola aka datse, wanda ya taso daga tsaunukan Filato ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Noman rani da wutar lantarki aka yi niyya. Daga nan ake tura wa garin Gombe ruwan famfo, injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40 kuwa sai da suka yi jiran sama da shekara 30 kafin su fara juyawa. Akwai masunta, akwai masu shinkafa da kayan lambu, akwai kuma dorina, wadda manoman wajen Hinna suka daɗe suna kuka da ita. Shaƙatawa ba ta cikin abubuwan da aka gina wurin dominsu, kuma bakin ruwan bai taɓa yi wa kowa alkawarin rairayi ba.

Tsuntsaye dai akwai su. Balbela tana biye da shanun da aka kawo shan ruwa. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa marar zurfi, ba ya motsi sai kifi ya yi kuskure. Kirinjijiya tana yawo garke-garke tana fito, zakaran ƙeƙuwa yana tona asirin duk wanda ya doso gaɓa, shirwa tana shawagi bisa inda ake gyaran kifi. Shamuwa sai da damina. Da hunturu kuma baƙi ke sauka, ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka taso daga Turai suka ƙetare Sahara tun wajen Oktoba, ba za su koma ba sai Maris ko Afrilu. Wurin da ya yi suna da irin waɗannan baƙi a Arewa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, amma Daɗin Kowa ma tana samun rabonta.

Kallon tsuntsu don kallo kawai al'ada ce mai ƙarfi a Ingila, inda ƙungiyar kare tsuntsaye da aka kafa a 1889 take da mambobi sama da miliyan ɗaya. A Najeriya, mai nau'in tsuntsaye sama da 900, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a wajen Jos, wadda take yaye masana. A bakin Gongola kuwa tsuntsu kashi uku ne: na ci, da na ɓarna irin jan-baki mai cinye shinkafa, da wanda ba ruwan kowa da shi. Mutumin da ya zo yana leƙen tsuntsu ba danƙo ba bindiga, za a ɗauka ma'aikacin safiyo ne, ko jami'in feshin jan-baki, ko wanda ake yi wa addu'ar samun sauƙi.

Babban kayan aiki shi ne madubin hangen nesa. Wanda aka rubuta wa 8x42 yana jawo abu sau takwas, wato zalɓen da ke nesan mita 80 zai zo kamar yana mita 10. Abin da yake biya da shi shi ne faɗin gani, domin duk abin da ke ƙarƙashin ƙafar mai kallo ya fita daga duniya. Shi ya sa dokar farko a wannan fanni ita ce ba a tafiya da madubi a ido. Ta biyu, ba a sa fararen kaya, don tsuntsu yana hango su tun daga nesa.

Sai maganar ƙasa. Inda aka datse kogi, gudun ruwa yana raguwa, duk taɓon da ya ɗauko daga tudu sai ya kwanta. Da rani, ga ban ruwa, ga injina, ga rana, ruwan yakan ja baya ya bar fili shimfiɗe. Iskar hunturu ta busar da samansa ya daddare, ido ya ga ƙasa mai ƙwari, alhali abin kamar kunun da ya huce ne, sama ta kama, ƙasa tana nan yadda take. Tsuntsu ba ya sanin bambancin. Balbela da ƙyar take kai rabin kilo, zalɓe tsakanin kilo 1 da 2 yake, kuma yatsunsu dogaye ne a baje. Ganin sawun tsuntsu a kan laka ba hujja ba ce ga ɗan Adam.

Misalin da zai fayyace wannan ya auku ranar Asabar ɗin da ta wuce, a kan wani ma'aikaci mazaunin Pantami da ba za a faɗi sunansa ba, illa dai shekarunsa da nauyinsa da lambar takalminsa sun zo daidai da na mai wannan rubutu. Ya zo da iyalinsa, da tabarma, da kular dafa-duka, da madubin da ya aro wajen ƙanin matarsa, yana sanye da sabuwar farar shadda saboda hoto. Bayan an ci an ƙoshi ya hango zalɓe. Ya kafa madubi a ido, ya fara tafiya.

Ƙafar dama ce ta fara shiga, har gwiwa. Aka aiki ta hagu ta ceto ta, ita kuma ta wuce har cinya. Daga nan duk yunƙurin da ya yi ƙasa yake kai shi, domin laka idan aka fizge ta ƙara riƙo take yi. Bai saki madubin ba. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, tunda na aro ne.

Akwai wani dattijo da ke zaune kan kifaffen kwale-kwale yana ɗinkin taru, wanda ya kalli tafiyar tun daga takun farko bai ce uffan ba. Sai yanzu ya ajiye tarun, ya tako a hankali, ya tsaya daidai inda ƙasa mai ƙwari ta ƙare, alamar ya san iyakar sarai.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Baba."

"An tashi lafiya, Alhaji?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

"Ga su can, lafiya lau."

"Yaya sanyi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

"To madalla."

A tsarin gaisuwar Hausa ba a tanadi gurbin da mutum zai ce yana nitsewa ba. Kowace tambaya da amsarta, kuma amsar lafiya ce. Kafin a kai ga madalla laka ta kama ƙugu.

Daga nan dattijon ya shiga ba da shawara, kuma ya dace a jera ta yadda ta zo. Ya duba wurin da kyau, ya ce, "Alhaji, nan wajen akwai laka." Alhaji ya yi godiya. Ya ƙara da cewa, "Ai ba ta nan ake bi ba." Da aka tambaye shi ta ina ake bi, ya ce, "Ba a bi." Ya umarce shi kada ya motsa. Wani saurayi da ya iso da keke ya ce a'a, ya motsa da ƙarfi. Su biyun suka juya wa mai nitsewa baya suka yi muhawara, kowa da hujjarsa. Da dattijon ya ga hankalin baƙo ya tashi, sai ya kawo misali don kwantar da shi.

"Kada ka damu, ɗana. Bara ma wata saniya ta faɗa daidai nan."

"An ciro ta, Baba?"

"An dai samu an yanka ta, ba ta yi mushe ba."

Ya kuma nemi sanin abin da ya kawo Alhaji cikin laka. Aka ce tsuntsu. Ya ce zalɓe ba shi da nama, ga ƙarni. Aka ce ba ci za a yi ba, kallo ne. Dattijon ya yi shiru, ya dubi zalɓen, ya dubi mutumin, sannan ya ce in don kallo ne, da ya zo ya zauna kusa da shi kan kwale-kwale, kullum da hantsi tsuntsun nan har gabansa yake zuwa tsintar ƙananan kifin da aka zubar, korarsa ma ake yi.

Hanyar fita daga laka sananniya ce ga masana. Mutum ya kwanta da baya ya baje nauyinsa, ya riƙa juya ƙafa a hankali har ruwa ya samu hanyar shiga gefenta, riƙon ya saki. Wanda abin ya shafa ya san wannan. Sai dai rabin shaddar na sama yana nan fari tas, kuma ya ga ba dalilin da zai sa a yi asarar duka. Wannan shawara da ya yanke ita ta kai ga abin da ya biyo baya.

Masunta biyu suka shimfiɗa katako, suka rarrafo, kowa ya kama hammata guda. A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, laka ta fi kama tufa a kan fata. Na biyu, an sassauta zariyar wando bayan dafa-duka, ba a kuma tuna an mayar ba. Masuntan suka yi bisimilla suka ja. Lakar ta yi wata ƙara mai tsawo, irin wadda ba a so a ji a gaban surukai, ta saki mutum. Wando da takalma ba su biyo shi ba.

Ana iya duban wannan daƙiƙa ta fuskoki da yawa. Ta fuskar mai abin, farin ciki ne ya fara zuwa, don ya ji ƙafafunsa sun yi sakayau fiye da yadda ya zata, har ya buɗe baki zai yi hamdala. Sai ya ji iskar hunturu a wuraren da ba ta saba kaiwa ba. Ta fuskar rigar, a ƙa'ida tana kaiwa gwiwa, kuma da ta rufa asiri, amma wanda aka ja ta hammata rigarsa a ƙirji take taruwa. Ta fuskar gaɓa, mata masu wanki sun daina bugu, wani yaro makiyayi ya bar shanunsa sun shiga gonar albasa, saurayin mai keke ya saki keken ya faɗi. Abin da suka gani shi ne magidanci a kwance kan katako, fari daga wuya zuwa cibiya, baƙi daga gwiwa zuwa ƙasa, a tsakani kuma jan gajeren wando na ƙwallo, hannuwansa biyu har yanzu suna sama riƙe da madubin aro. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Shirun ya daɗe, sai wani yaro ya ce, "Ashe Alhaji ɗan Arsenal ne."

Akwai fuska ta huɗu, ta wayar babban ɗansa, wadda aka ba shi don ɗaukar hoton tsuntsaye. Bidiyon ya nuna cewa daga ƙarar lakar zuwa lokacin da uwargida ta iso da zane ba a fi daƙiƙa 20 ba. Wanda ya kwanta kan katakon yana da wani lissafin dabam. Zanen na goyo ne, atamfa mai manyan furanni, kuma da shi aka taka har inda mota take, ba takalmi, ta gaban masu wankin, waɗanda kowace ta ce sannu, kowace kuma aka amsa mata da yauwa.

Dattijon ya rako su har mota. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka ce amin. Ya ce nan gaba a riƙa yi wa zariya ƙulli biyu. Sannan ya leƙo ta taga, ya rage murya saboda iyali.

"Wandon nan bai ɓata ba, Alhaji. Ka bari sai zafi ya shigo lakar ta bushe har ƙasa, ka zo da magirbi a haƙo maka."

"Baba, ta yaya za a gane wurin?"

Dattijon ya juya ya nuna da sanda. Zalɓen, wanda hayaniya ta kora, ya dawo ya sauka kusa da ramin.

"Ga alama nan. Daidai inda tsuntsun can yake tsaye."