Wasiƙa daga Landan: Lauyan Masu Firam

Zuwa ga taubashina Sani,

Mu nan lafiya lau, sai ruwan saman da bai san rani ba, bai san damina ba. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci har yau majalisarku ta ƙofar gida ba ta gama dariya ba, wai a Ingila mutum yakan je koyon sa hoto a firam har ya zauna jarrabawa. Ka ce Turawa sun rasa abin yi, katako huɗu da gilashi ɗaya har da satifiket. To gyara zama, yau ni ne lauyan masu firam, kuma ko sisi ba su ba ni ba. Abin da zan kare guda ne: karatun mai firam da kuɗin da yake karɓa duk na abin da ke ɓoye bayan gilashi ne, kuma a daidai wurin ne mu a gida muke kashe takardunmu da hotunanmu da hannunmu, muna murna mun yi musu gata.

Jarrabawar gaskiya ce. Akwai ƙungiya a nan mai suna Fine Art Trade Guild, an kafa ta a 1910, ta gaji wata ƙungiyar masu sayar da hotunan ɗab'i da aka kafa tun 1847, shekara 56 kafin Turawa su shiga Kano. Ita take gwada masu firam: ka kawo aikin hannunka a duba gabansa da bayansa, ka yi wani a gaban mai jarrabawa, ka amsa tambayoyi. Amurkawa ma suna da tasu ƙungiyar tun 1971, da tasu shaidar. Ba doka ce ta tilasta ba, kowa na iya buɗe shago, amma mai zane mai tsada ya san shagon da zai kai. Na san za ka ce kafintan bakin layinku zai haɗa maka firam kafin ka gama shan shayi. Zai haɗa, sai dai ka yi lissafi. Kusurwa huɗu ce, yanka takwas, kowane yanka digiri 45 cif. In zarto ya kauce da rabin digiri a kowane yanka, kafin a zo kusurwar ƙarshe kuskuren ya taru ya zama digiri 4, sai ka ga firam ya buɗe baki yana kallonka. Kafintanku zai cike gurbin da garin katako da gam ya shafa fenti, ya ce ai ba a gani. Wannan kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin sana'ar.

Mai wuyar yana ciki. Kwalin nan da suke yanke wa taga su kewaye hoton da shi, wanda kai kake ɗauka ƙawa ce, aikinsa ya hana hoton taɓa gilashi, domin gilashi yana yin gumi, kuma hoton da ya manne da gilashi ba ya fitowa sai da fatarsa a baya. Kwalin ma ba kowanne ba. Wanda aka yi da niƙaƙƙen itace mai araha yana fitar da asid a hankali, shi ne yake mayar da takarda ruwan ƙasa, ya bar mata zobe kewaye da hoton. Saboda haka ga abu mai daraja sai kwalin auduga. Gilashin kuma akwai wanda yake tare kusan kashi 99 cikin 100 na wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ne kan gaba wajen sa launi ya koɗe. Sai babbar dokarsu, wadda a kanta aka gina karatun gaba ɗaya: duk abin da ka yi wa hoto, ya zama wanda zai zo bayanka zai iya warware shi ba tare da hoton ya ji ciwo ba. Shi ya sa ba sa shafa masa gam, ba sa kusantarsa da salatif. Suna rataye shi ta sama kawai da 'yan siraran takardun Japan, su liƙa da sitacin alkama da aka dafa kamar talgen tuwo, wanda ɗan danshi kaɗan ke sakinsa. Ƙasa da gefuna a sake suke, domin takarda tana shan danshi ta buɗe, ta bushe ta tsuke, in ka ɗaure ta ko'ina sai ta yi ƙusumbi ko ta yage. In haka ne a ƙasar da iskarta ba ta cika sauyawa ba, ina ga Kano, inda takarda za ta sha damina ta ƙoshi, sannan hunturu ya zo ya busar da ita ƙayau?

Yanzu dubi abin da muke yi. Yaro ya gama makaranta, an ba shi satifiket, kafin la'asar an kai shago an gasa shi a cikin leda. Mun ce mun kare shi daga ruwa da hannun yara, kuma gaskiya ne, ya tsira daga su. Amma zafi da gam sun riga sun auri takardar, aure ba saki, ba mai raba su sai da ɓarna. Ofishin fasfo na nan Ingila ma ba ya son takardar da aka gasa haka, domin ba a iya taɓa ta a tabbatar ta gaske ce. Ka ga mutum ya biya kuɗi don a rage wa takardarsa daraja, ya dawo gida yana nuna wa maƙwabta yadda take ƙyalli.

Akwai hujja guda da na san za ta zo bakinka, tunda kai duk maganar da ba ɓarawo a ciki ba ta yi maka daɗi: in firam yana da daraja, me ya sa ɓarayi ke barinsa? A 1911 wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa aikin sa gilashi a gidan tarihin Louvre na Faris, ya sace Mona Lisa, ya yar da firam ɗin a kan matakala, ba a ga zanen ba sai 1913. A 1990 kuma wasu mutum biyu sanye da kayan 'yan sanda suka shiga gidan tarihin Gardner a Boston suka kwashe kaya 13, har da zanen Rembrandt da suka yanke da wuƙa daga firam ɗinsa. Firam ɗin suna nan rataye ba komai a ciki har gobe. Amsata ita ce ɓarawo yana barin firam ne saboda dalilin da yake tsallake maigadi: ya tsaya masa a hanya. Wanda kuma ya ce firam ba ya taɓa farashi, ya tambayi kamfanin gwanjo na Sotheby's. A 2018 an buga gudumar sayar da wani zanen Banksy a fam miliyan 1 da 'yan kai, nan take injin da ya ɓoye cikin firam ɗin ya shiga yayyanka shi. A 2021 aka sake sayar da yagaggen, da firam ɗinsa, sama da fam miliyan 18. Kar ka gaya wa kafintanku wannan, kada ya ɗauka ɓarna ake biya.

Saura maganar tsada, a nan kam kana da rabin gaskiya. Su kansu masu sana'ar sun kasa aikin mataki-mataki, ba kowane hoto ake yi wa na ƙoli ba. Hoton ɗan siyasar da ke falonka, wanda zai sauya sheƙa kafin fentin bango ya bushe, ƙusa ɗaya da salatif sun ishe shi. Amma kar ka ce mu ba mu da Rembrandt don haka ba ruwanmu. Hoton Kaka na dawowa daga Makka guda ɗaya ne a duniya, haka wasiƙar da malami ya rubuta da hannunsa, kuma araha ba ta ado. Babbar dokar nan ma ta masu firam da kuke wa dariya malamanmu sun riga Turawan aiki da ita. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a ƙasarmu warƙa-warƙa yake, ba ɗinki ba gam, a haɗa shi tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiya, a sa a gafaka, nesa da rana. Duk mai son ya buɗe ya buɗe, ya mayar yadda ya samu.

Saboda haka tsofaffin takardun da ke akwatin Gwaggo, na roƙe ka, kar ka bari kowa ya kai su wurin mai leda. A sa kowacce tsakanin fararen takardu masu tsabta, a kwance, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara, a cire duk wata ƙusar takarda kafin ta yi tsatsa. Ka gaida Gwaggo da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya. Kuɗin taubasantaka na bana kuwa, ka cire shi daga cikin bashin da nake binka.

Naka,
Habu