Ƙugiyar Wa Ce Wannan?

In aka tashi daga Kamba aka gangara Dole Kaina, ko aka haye zuwa Lolo ta ƙasar Bagudo, za a tarar da Kogin Kwara yana shigowa Najeriya bayan ya raba Nijar da Benin. Mamari guda a nan yana ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi, birgi kuma bakinsa cike da dalma, saboda haka ba ranar da wani ba ya rasa wani abu. A wajen rashi da tsintuwar ake gane halin masunci.

Akwai Malam Ruwa-Ya-Ci. Shi bai taɓa yin sakaci ba, kullum giwan ruwa ne ya tsinke masa zare. Da safe kifin ya kai tsawon hannu, bayan la'asar a majalisa ya wuce wanda aka kama a bikin Argungu na 2005, mai kilo 75. Kowa kuwa ya san kututture ne ya riƙe masa zaren.

Maƙwabcinsa shi ne Mai Rabo. Ba wanda ya taɓa ganinsa yana cinikin ƙugiya a kasuwar Kamba ko ta Malanville da ke Benin, amma gwangwanin madararsa cike yake da kowace lamba. Ya san kogin yana cika sau biyu: da damina, sannan cikin sanyi idan ruwan tsaunukan Gini ya iso. Da ruwan ya ja baya sai ya bi saiwoyi da kututtura yana girbe abin da wasu suka bari. In an tambaye shi ya ce, "Tsintuwa ce, Allah ne ya kawo." Cigiyar da malamai suka ce a yi, a zuci yake yin ta.

Mai aro ba ya cin lokaci. "Yaya, ara mini dalma biyar zuwa gobe." Goben ba ta zo ba tukuna.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Mai Alama. Ya shafa jan fenti a gora, a filafili, har a wuƙar gyaran kifi, ya ƙirƙiro wani ƙulli da yake rantsuwa ba mai irinsa. Ranar da ya hango gorarsa a jirgin wani, sai gaban Sarkin Ruwa. Can ne ake gano cewa rabin garin a shago ɗaya suka sayi fentin, ƙullin kuma kakan wanda ake tuhuma ne ya koya wa babansa.

Sai Injiniya, wanda ba ya asara don ba ya saye. Dalma daga mataccen batirin mota yake narko ta, abin da zai sa kalli ya yi iyo kuwa daga silifa yake yankowa. Shi ya sa uwargida take kwana da takalman yara a ɗaki.

Mai Nutso kan faɗa ruwa saboda ƙugiya ɗaya, ya fito da ita yana murna, ya bar hula da tocila a ƙasa. Yana da 'yan'uwa a Turai da Amurka: masu hawan duwatsu da kan ɓata yini suna zaƙulo ɗan ƙarfen da wani ya bari a tsagar dutse, don a al'adarsu wanda ya ciro shi ke da shi.

A Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Duk tsawon lokacin gorunan Gaya ta Nijar da na Malanville ba su fasa shigowa ba, kwastan bai tare ko ɗaya ba. Kogin gangara yake yi, don haka mai karatu, in gorarka ta ɓace a Dole Kaina, kada ka zargi maƙwabci, je ka yi cigiya a Yawuri.