Sallar Kurtu: Jagora ga 'Yan Gobir da Biki Ya Riska a Dafo

Sallar kurtu ita ce duk bikin da ya riski saurayi yana tsakiyar horon soja, kansa a aske tal-kwabo, aljihunsa fayau, gidansu kuma yana can inda ya baro shi. Ta ƙunshi Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi, ta kuma haɗa da Kirsimeti da sabuwar shekara. Samarin Sabon Birni da Isa sun fi yin ta a Dafo na Zariya, makarantar da ke horar da kuratan sojan ƙasa tun 1924, inda ake ɗaukar kimanin wata shida ana sauya wa farar hula tafiya da magana. Masu shiga sojan ruwa suna yin tasu a Onne ta Jihar Ribas, na sama kuma a Kaduna, amma hukuncin duk ɗaya ne.

Shiri yana farawa da lissafi. Tsakanin Sallah ƙarama da babba kwana 70 ne ko kusa da haka. A 2025 an yi ta farko ranar 30 ga Maris, ta biyu ranar 6 ga Yuni. Ke nan horon wata shida yana iya haɗiye azumi da Sallolin biyu bai ko sha ruwa ba. Tun da shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 11, babu lokacin shiga da mutum zai zaɓa ya ce ya tsira. Kirista ya fi samun sauƙi ta nan, domin 25 ga Disamba ba ta motsi: tun ranar da ya cike takarda ya san abin da zai rasa. Ɗan Sabon Birni kuwa asararsa takan ninka, saboda Nijar kan riga Najeriya ganin wata a wasu shekarun. Wanda ke da dangi a Maraɗi ko Tsibiri sai ya yi kewar Sallar kawunnansa yau, gobe ya tashi da kewar ta gidansu. Abin da zai rarrashi zuciya da shi shi ne, mai sanar da ganin watan, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, shi ma soja ne da ya kai Birgediya Janar kafin ya hau gadon sarauta a 2006. Ya san irin wannan Sallar sarai.

Maganar zuwa gida a ajiye ta tun da wuri. A kan samu wanda Shaiɗan ke raya wa cewa katanga ba ta da tsawo, kuma hanya sananniya ce: Giwa, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Ƙauran Namoda, Shinkafi, sai Isa. Abin da ya manta shi ne hanyar cike take da shingen jami'an tsaro, kuma babu sojan da zai ga wannan askin da wannan ramar ya tambayi katin shaida. Ko ya isa lafiya, uban da ya gama shelanta wa majalisa cewa ɗansa na Zariya shi zai fara kai ƙararsa.

Azumi a wajen horo ba ya buƙatar dogon bayani. Gudu yana nan, fareti yana nan, tsallen kwaɗo ma bai san watan Ramalana ba. Sai dai yaron da ya taɓa kai azumi cikin bazarar Gobir, inda zafi ke haura digiri 40, ba shi da hujjar yin raki a Zariya. Ya ci sahur kamar ba zai ƙara ganin abinci ba, ya bar gardamar siyasa sai bayan shan ruwa.

Ranar Sallah kanta tana da fa'idodin da kurtu ba ya lura da su sai an nuna masa. Ba ya bin tela. Babu wanda ya karɓi shaddarsa tun kafin azumi ya ce ya dawo daren Sallah, ya dawo ya tarar ko yanka ba a yi ba. Kayansa iri ɗaya ne da na kowa, babu mai fin sa aiki a wuyan riga. Ƙannai ba sa tare shi da neman goron Sallah, budurwa ba ta jiran toshi. Idi ma ba ya wuce shi, domin rundunar tana da limamanta da masallatanta, kamar yadda take da fada da fasto ga Katolika da sauran Kirista. Sahu kuwa ba a taɓa ganin wanda ya kai na kurata miƙewa ba. Akwai kuma al'adar da sojan Najeriya ya gada daga Ingila, ta manyan hafsoshi su zuba wa na ƙasa abinci da hannunsu a ranar biki. Idan rabo ya kai kan kurtu, ya miƙa kwano da ladabi, ya yi godiya, kada ya nemi ƙarin nama. Wanda ya zuba masa shinkafa yau bai zama yayansa ba, gobe da asuba zai gane haka.

Babbar Sallah ta fi wuyar sha'ani, kuma wuyar ta hanci take shiga. A ƙasar Sakkwato ba a gaggawar naman layya. Akan feɗe rago, a buɗe shi ɗungurungum a tsire a jikin itace, a kafa su a kewaye wuta, kitse yana ɗiga yana tsartsatsi, yara na zagaye suna jiran wanda zai yi sakaci. Mata na ciki suna suyar kayan ciki, ƙamshin kakiɗe ya cika unguwa, rabo kuma sai washegari. Kurtun da ya tuna wannan yana riƙe da kwanon garau-garau zai ji maƙogwaronsa ya ɗaure. Shawara a nan ita ce kada ya ba kowa labarin. Wanda ya fara kwatanta wa 'yan ɗakinsu yadda haƙarƙari ke yin ja, da yadda ake korawa da fura mai sanyi, ba zai kai ƙarshe ba muryarsa za ta fara rawa, sunan da za a laƙaba masa a daren kuma shi zai bi shi har ritaya. In hawaye sun matsa, wurinsu bayan gida ne, lokacinsu kafin busar begila. Wanda aka kama da jan ido ya ce ƙura ce.

Waya ba abin da kurtu ke riƙewa yadda ya ga dama ba ne, don haka duk damar da ta samu a yi tattalinta. Inna ce za a fara nema. Ba za ta ambaci sunansa ba in ɗan fari ne, tambayarta kuma ɗaya ce: "Ɗan nan, mi kaka ci?" Amsar da masana suka amince da ita ita ce, "Inna, nama har ya gundure mu." Ita ma za ta ce kowa lafiya lau, gari shiru. Kowannensu ya san ɗan'uwansa ya rage wani abu, kuma ladabi ya hana a tona. A nan ne Sallar kurtun Gobir ta bambanta da ta sauran. Ɗan Inugu yana kewar gida ne kawai, shi kuwa yana kewa yana fargaba. Shekarun nan 'yan bindiga sun rage wa yankin armashin biki: ƙauyuka sun tashi, wasu sun ƙetara Nijar, yawon Sallah daga Gatawa zuwa Sabon Birni ya zama abin da ake shawara a kansa. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomin yankin, wanda ke nesa ya rasa ko muryar da zai ji. Idan aka bi diddigi, a duk gidan babu wanda ya yi Sallah cikin tsaro kamar wanda ake tausayawa, mutumin da ke kwance tsakiyar bariki da masu gadi a ƙofa. Tsofaffi da dama sun san haka, shi ya sa kukansu ba ya yin tsawo.

Kirsimeti kuma ga kurtu Musulmi harka ce ta ciniki. Tana zuwa tsakiyar hunturu, lokacin da ɗan Fatakwal ke karkarwa leɓɓansa sun tsattsage, yana tambayar laifin da ya yi wa Arewa. Bagobiri ya ba shi man kaɗanya, ya nuna masa yadda ake toshe kunne. In akwai aikin da za a iya karɓar wa juna, shara ko ɗiban ruwa, ya karɓar masa don ya je coci da natsuwa. Bashi ne, ranar Sallah za a biya. Idan aka yi shinkafa da kaza, babu dalilin noƙewa. Cinya ba ta tambayar addinin mai cinta. Wanda ya ga abokinsa ya yi tagumi ranar 25 ga wata, kada ya yi masa dariya, domin shi ma an ga idonsa ranar layya.

Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa jari ne mai kyau a irin wannan rana, amma yana da sharuɗɗa. Bagobiri na iya tare Bayarabe ya ce bawansa ne, ya kawo barka da Sallah. Sharaɗi na farko, ya tabbata Bayaraben ya taɓa jin labarin wasan, domin wanda ya taso a tsakiyar Legas zai ɗauka neman faɗa ne. Na biyu, ya duba hannun rigarsa. In da igiya ko ɗaya ce, a ɗaga wasan sai bayan yaye. Haka nan ba a shaida wa kofur cewa mutum jikan Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ne. Kofur zai yi murna ƙwarai da samun jarumi, ya ba shi gwale-gwalen mutum biyu.

Mai ganin an zalunce shi ya tambayi asalin sunan barikin da yake ciki. Sunansa Chindit, Chindit kuwa sunan rundunar da ta yi yaƙi a dazukan Burma ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1944 akwai bataliyoyin Najeriya a cikinta. Dubban 'yan Arewa sun yi Sallah a can cikin ruwan sama da sauro, ba waya, wasiƙa ma sai an yi wata da watanni. Wanda ke Zariya, inda in iska ta kaɗo daidai zai iya jin bindigogin hawan Sarkin Zazzau, bai kai matsayin mai ba da labarin wahala ba tukuna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa Sallar kurtu sau ɗaya ake yin ta. Bayan faretin yaye ana rarraba sababbin sojoji inda ake buƙatarsu, Borno ko Filato ko Neja Delta. Runduna ta 8 tana da hedikwata a Sakkwato, amma ba a tura mutum can don kawai innarsa na Isa. Ranakun biki kuma su ne ranakun da ake ƙara masu sintiri a filin idi da ƙofar coci da manyan hanyoyi. Zuwa gida sai da takardar izini, takardar tana hannun kwamanda, masu nemanta a makon Sallah kuwa sun fi waɗanda ake ba wa yawa nesa ba kusa ba.